Kwalin da ya tashi wayam

Shekara da shekaru kafin rufe iyaka a 2023, yawancin kayan da ke shigowa Nijar daga teku ta Gaya suke biyowa. Bayan an gina gadar da ta haɗa garin da Malanbil a 1958, manyan motoci sun daɗe suna ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su ratsa Paraku, su ƙetare kogin Kwara, wanda Dendawa da Zabarmawa ke kira Isa, su yi jerin gwano a bakin duwan kafin su kama hanyar Doso da Yamai. Shinkafa da atamfa da gwanjo ake rubutawa a takardun fito, amma al'adu ma sukan hau bayan mota su shigo ba tare da an caje su ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce ranar 14 ga Fabrairu, wadda masu jin Faransanci ke kira Sen Balantan, gidajen rediyo kuma suka raɗa mata ranar masoya.

Asalinta ba shi da wata alaƙa da soyayya. Sunan wani malamin Kirista ne da aka kashe a Rum a ƙarni na 3, coci ta keɓe ranar tunawa da shi. Sai a ƙarni na 14 mawaƙan Ingila, irin su Chaucer, suka danganta ranar da lokacin da tsuntsaye ke zaɓen abokan zama. A ƙarni na 19 ƴan kasuwa suka shiga, wata mata Esther Howland ta kafa sana'ar ƙera katunan gaisuwa a Amurka a shekarun 1840. Daga nan abin ya gangaro har makarantun firamare na can, inda ya canza kama: ba maganar saurayi da budurwa, bikin abota ne na ƴan aji. Kowane yaro ya ƙawata kwali ya rubuta sunansa, a yanka jan takarda da siffar zuciya, a yi wasanni, a raba alewa, kowa ya jefa wa abokinsa kati a kwali. A Finlan sunan ranar ma ranar abokai, a Meziko kuwa ranar ƙauna da abota.

Malaman addini da iyaye a ƙasar Hausa suna da ja a kan wannan rana, hukumar Hisba ta Kano ma ta sha yin gargaɗi a kanta, kuma dalilansu sanannu ne. Sai dai ko an soke 14 ga Fabrairu daga kalanda, tambayar da ke ƙarƙashinta tana nan. Makarantu suna shirya bikin ƙarshen shekara, ƙungiyoyin al'adu suna tara yara lokacin hutu, kuma kusan kullum taken shi ne zumunci, ƙauna, zaman tare. Shin ƙauna abar shiryawa ce, a sa mata rana da awa kamar jarrabawa? In kuwa an shirya, wa ke biyan kuɗinta?

A ɗauka wata malama ce a Gaya, mai ɗalibai sittin da ɗoriya a aji huɗu, ta ga tsarin kwalayen nan ya burge ta. Ta roƙo kwalayen sabulu a kasuwa, ta raba, ta ce kowa ya yi wa wanda yake ƙauna wani ɗan abu ya saka masa. Niyyarta fara ce tas. Ranar biki aka yi waƙa, aka yi tsalle, sannan aka ce kowa ya buɗe. Kwalin ƴar wani babban ɗan kasuwa ya cika har yana zuba. Na yaron da ya fi kowa iya ƙwallo shi ma ba laifi. Can a bencin baya akwai wani yaro da aka kawo bana daga wani ƙauye na kwarin Foga, wanda Hausarsa ke da gargada, Faransancinsa kuma bai kai ya kawo ba. Ya girgiza kwalinsa, bai ji motsin komai ba, ya mayar da shi ƙarƙashin tebur a hankali don kada na kusa ya lura. Kafin ranar yana zaton ba a damu da shi ba. Yanzu an ƙidaya masa a gaban jama'a. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san irin wannan yaro, ko da bai taɓa raba kwali ba.

Makarantun Amurka da yawa sun gano wannan rauni, suka yi masa magani da doka: malama ta aika wa iyaye jerin sunayen ƴan aji, duk wanda zai kawo kati ya kawo wa kowa, in ba haka ba ya bari. Iyaye sai su sayo katunan da aka buga a ɗaure, yaro ya zauna da dare yana cika sunaye. Washegari kowane kwali ya cika daidai da ɗan'uwansa, ba mai kuka. Dokar tana da tausayi, ba za a raina ta ba. Amma yara ba wawaye ba ne. Yaron da ya sami kati ashirin da biyar ya san cewa wanda ke dukansa a filin wasa ma ya saka masa, da irin rubutun da ya yi wa kowa. Kyauta saƙo ce, tana cewa an tuna da kai. Idan aka wajabta ta a kan kowa zuwa ga kowa, takardar takan iso, saƙon ya maƙale a hanya.

A nan ne al'amarin ya zama na falsafa. Aristo, a littafinsa na ɗabi'a, ya kasa abota uku: ta amfani, ta jin daɗi, da ta nagarta, ya kuma lura cewa abotar ƙuruciya yawanci ta jin daɗi ce, mai saurin ƙulluwa da saurin warwarewa, ta ukun kuwa tana son lokaci, kuma ba a yin ta da mutane da yawa. Montaigne, da ya zo bayanin abin da ya haɗa shi da La Boétie, bai iya kawo wani dalili ba in ban da su biyun kansu. Ma'ana, abota zaɓe ce. Wanda ya ce wane abokinsa ne, ya ce sauran ba su kai can ba, ko bai furta ba. Adalci kuwa ba ya zaɓe, mudu ɗaya yake auna wa kowa. Malamin makaranta bawan adalci ne, albashinsa ma na wannan ne: ɗan mai kuɗi da ɗan masunci allo ɗaya, alli ɗaya. Ranar da ya shirya bikin abota, ya gayyato abin da ke zaɓe cikin ɗakin da aka gina don kada a zaɓa. Ko ya bar zaɓen ya yi aikinsa, wani kwali ya tashi wayam, ko ya hana zaɓen, abotar ta zama kwaikwayo.

Hausawa da maƙwabtansu sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma ba da kwali ɗaya suka tare ta ba. Dangantaka iri biyu suka ajiye, kowace da ƙa'idarta.

Ta farko ita ce ta zaɓe: abota ga maza, ƙawance ga mata. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda ƴan mata sa'o'in juna ke ƙulla ƙawance da ƴan kyaututtuka, su riƙe shi har aure da haihuwa da tsufa. Ƙawa ita ke zama da amarya, babban aboki shi ke tsaya wa ango. Gudummawar biki tana tafiya tana dawowa, sau da yawa a ninke, har in ta yi nauyi a yi shawara a rage ta a sake daga ƙasa. Marcel Mauss, a nazarinsa kan kyauta na shekarun 1920, ya ce wajibai uku ke cikinta: bayarwa, karɓa, da mayarwa, matan Hausa sun riga shi sani, da suka ce yaba kyauta tukuici. Abin lura shi ne ƙawance ba shi da ranar ƙidaya. Ba a taɓa tara ƴan matan unguwa a dandali a ce kowace ta nuna ƙawayenta nawa ba. Mai ƙawa biyar da mai ƙawa ɗaya ba sa haɗuwa a kan sikeli.

Ta biyu ita ce wadda ba a zaɓa, wato taubasantaka, abin da Zabarmawa ke kira baasetaray. Ɗan mace da ɗan namiji, ma'ana ƴaƴan wa da ƙanwa, taubasan juna ne tun ranar suna, ba wanda ya tambaye su. Daga cikin gida abin ya faɗaɗa zuwa ƙabilu da sana'o'i: Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa, mahauta da masunta. Haka jika da kaka. Taubashi yana da ikon tsokana, ya kira ɗan'uwansa maci tuwo, ya ƙwace masa hula a tsakiyar kasuwa, wancan kuwa ba shi da ikon fushi. A bayan wasan akwai wajibi mai nauyi: ba a cutar taubashi, ba a ƙin taimakonsa, in ya shiga tsakanin masu faɗa a kan ji maganarsa. Watan farko na shekarar Musulunci, watan cika-ciki, shi ne lokacin da abin ke tashe, taubasai na bin juna bashin shara, a yi ta ja-in-ja a kan ƴan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon al'adun bil'adama.

Hikimar da ke ciki mai sauƙin faɗa ce: ba a haihuwar mutum ba taubashi. Mummuna yana da shi, mai in'ina yana da shi, baƙon da ya sauka jiya da zarar ya faɗi asalinsa wani zai taso daga gefe ya ce ga bawana ya iso. Ba a ce sai an ƙaunace ka kafin a kula ka ba. An ɗora wa mutum biyu wasa da wajibi, aka bar ƙauna ta tsiro a tsakaninsu in ta ga dama, sau da yawa kuma takan tsiro. A gari irin Gaya, inda Dendawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa ke cin kasuwa ɗaya, wannan igiya ta kashe wutar da alƙali bai ma ji labarinta ba.

Tarihin Musulunci yana da misali makamancin haka. Bayan hijira zuwa Madina a shekarar 622, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum. Baƙin da suka baro dukiyarsu a Makka ba a bar su su jira wanda zai ga sun yi masa ba. Abdurrahman ɗan Aufu aka haɗa shi da Sa'adu ɗan Rabi'u, Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Haɗin na umarni ne, abin da kowannensu ya yi da shi kuma daga zuciyarsa ya fito.

Wajibi ne a faɗi inda taubasantaka ke da ƙaya, don masu yabonta a taruka sukan tsallake wurin. Kalmar bawa da manya ke jifan juna da ita suna dariya, a bakin yaro ɗan shekara tara tana iya zama wuƙa, musamman a ƙasar da sai a 2003 dokarta ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma har yanzu akwai gidajen da ake yi wa gorin asali in an zo neman aure. Babba ya san iyakar wasa, ya san fuskar da in ta canza ake dainawa. Yaro bai sani ba tukuna. Wanda zai kai wannan al'ada cikin aji sai ya ɗauki ƙashin bayanta, wato haɗin da ba ya barin kowa a waje da haramcin cutarwa, ya bar wasu kalmominta a bakin ƙofa.

To yaya bikin zai kasance in an gina shi a kan wannan? Sai a fara da yadda ake haɗa yaran, domin a nan ne aka fi yin ɓarna ba a sani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili shugabannin wasa biyu na zaɓen ƴan ɓangarensu, yana kallon layi na raguwa har ya rage shi kaɗai, ya san kwalin wayam ba sai da kwali ba. Maganin yana cikin gona. A samo sillen kara, a karya kowane guntu biyu, a zuba a ƙwarya a gauraya, kowane yaro ya sa hannu ya ɗauka, sannan ya bi aji yana gwadawa har ya sami wanda karayar guntunsa ta hau da tasa. Wannan shi ne abokin aikinsa na ranar. Neman kansa wasa ne, da hayaniya da dariya, kuma dole kowa ya je gaban kowa. Girkawan dā haka suke yi: mai gida da baƙonsa su karya wani abu biyu, kowa ya riƙe rabi, ko bayan shekaru jikokinsu suka haɗu su gwada su gane juna. Sunan abin a harshensu shi ya haifi kalmar Faransanci symbole. Tsofaffin ƴan lakwal na Nijar sun san wannan kalma ta wata fuska dabam: sambol shi ne ƙashi ko guntun icen da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci a makaranta, ya yi ta farautar wani da zai yi kuskure ya sauke masa. Abin da aka ƙirƙira don gane aboki, makarantar mulkin mallaka ta mai da shi abin da ke sa yaro leƙen asirin abokinsa. Ba laifi in makarantar yau ta mayar da kalmar gidansu.

Wasannin kuwa ba sai an yi odarsu daga Kwatano ba. A duba langa. Yaro ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗaya, ɓangare biyu suna ture juna. A kowane ɓangare akwai wanda ake so ya kai wurin sha, sauran aikinsu su kare shi, su buɗe masa hanya, su faɗi domin shi in ta kama. Ƙaƙƙarfa ba ya cin langa shi kaɗai, kuma sau da yawa ɗan ƙaramin da ba a kula da shi ba ne ke sulalewa ya sha. A duba gaɗa ta ƴan mata, wadda ta fi kowane wasa kusa da abin da ake magana a kai: yarinya ta fito tsakiya, ta juya baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗa hannun sauran, su tare ta su cilla ta sama ta dira. Ba ta ganin hannuwan da za su tare ta. In suka janye, ƙeyarta ce a ƙasa. Duk da haka tana faɗawa, su kuma suna tarewa, har wadda suka yi faɗa da ita da safe a bakin famfo, domin waƙar ba ta tsayawa a tambayi wa ke shiri da wa, kuma kowace ta san layi zai zo kanta. Babu katin da zai koya wa yarinya amana kamar wannan faɗuwa ta baya. Dara da carafke su ma suna da nasu darasi, ƙarami amma na gaske: ba a yin su sai da abokin hamayya, wanda ya kori abokin wasansa don ya cinye shi ya kori wasan.

Sai aikin hannu, inda maganar kuɗi ke shigowa. A garin fito, tazarar da ke tsakanin gidaje ba ta ɓuya. Wani yaro ana ba shi jika ya zo makaranta, wani dala biyar ma sai an yi dabara. In aka bar kyautar biki ta zama ta saye, to iyaye ne ke gasa da hannun ƴaƴansu, kuma an san wanda zai ci. Ƙa'ida ɗaya ta isa: kada a kawo abin da aka saya. Ƙasar Dendi ba ta rasa kayan aiki ba, ita ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Ga kara bayan girbi, ga yumɓu a bakin kogi, ga ganyen giginya daga dazuzzukan giginyar kwarin Mauri, ga kaba, ga ƙyallayen da teloli ke zubarwa, ga gwangwanin madara da tsohon silifa da marfin kwalba. Da waɗannan ake motar kara mai ƙofa da taya, da shanun laka masu tozo da ƙaho, da mafici, da ɗan faifai, da ƴar tsana mai kitso da zane. Manya su ɗebo yumɓun, su kuma riƙe reza da wuƙa a wurinsu, sauran na yara ne.

A nan wani abu yakan faru wanda malami bai shirya ba. Martabar aji takan juye. Yarinyar da kwalinta ya cika ba ta taɓa fere kara ba, ba ta san yadda ake bare bayansa a soka a cikin ɓargon ya riƙe ba. Ɗan masunci ya san ƙulli iri-iri tun bai shiga makaranta ba. Yaron nan na bencin baya, wanda ya yi kiwo ya yi tsaron gona, shi ne injiniyan ranar: a hannunsa motar kara ke tsayawa da ƙafafunta. Wanda ƙuri'a ta haɗa da shi ya yi sa'a, sauran kuma za su zo leƙe suna tambaya. Ba a ba shi kyauta don tausayi ba, an buƙace shi, kuma yaro ya san bambancin waɗannan biyu sarai. Abin da su biyun suka ƙera kuwa ba ya rabuwa. Mota ɗaya ce, mutum biyu. Sai su yi shawara: ta kwana gidan wane yau, gobe gidan wane, ko su ba wani ƙaramin yaro, ko su yi rigima a kai malama ta raba. Ko rigimar ma riba ce a kan shirun da ke tsakaninsu jiya.

Mai ja zai ce: ai wannan ma tilas ce, da me ta fi dokar kati ga kowa? Tambayar tana da ƙarfi. Bambancin yana ga abin da aka tilasta. Dokar kati tana sa yaro ya rubuta wa wanda ba ya so cewa yana son shi, wato ta koya masa faɗin abin da ba ya cikin ransa don a zauna lafiya. Ƙuri'ar kara ba ta nemi ya ce komai ba. Ta ce ya zauna da wane awa biyu, ya riƙe masa nan ya ɗaure can. Ana iya umartar mutum ya zauna, ya taimaka, ya tare mai faɗuwa. Ba a iya umartar zuciya. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, ba su ce a baki ba. Kuma dole a yarda cewa abin yana iya ƙin ci. Wasu biyun za su gama mota su rabu kamar ba su taɓa haɗuwa ba, wasu ma su ƙara tsanar juna. Malamin da ke son tabbacin cewa kowane yaro zai koma gida da aboki yana neman abin da ba a ba kowa ikonsa ba. Abin da ke hannunsa shi ne kada bikin da ya shirya da kansa ya zama wurin da aka auna yaro aka ce bai kai ba. Abota ta zaɓe kuwa a bar ta inda take tun asali: a hanyar komawa gida, a rabon ƙosai lokacin shan iska, inda ba mai riƙe da alƙalami.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin rajista. Duk bikin da aka yi a farfajiyar makaranta, akwai idanu a kan katanga: almajiri da robarsa, yarinya da farantin talla a ka. Tashe bai san wannan katanga ba. Daga goma ga azumi yaran unguwa ke haɗuwa, ɗan boko da ɗan allo, wani ya sa gemun auduga wani ya ɗauki gwangwani yana kaɗawa, su bi gida gida, abin da aka samu na hatsi ko kuɗi a raba. Ƙungiyar al'adu da ke shirya biki a lokacin hutu tana da damar da makaranta ba ta da ita, ta yi shi a dandali, ta zuba guntayen kara da yawa a ƙwarya fiye da sunayen da ke takarda.

A Gaya katangar wani lokaci kogi ce. Gidaje da yawa suna da rabi a Malanbil, wasu a Kamba ta jihar Kabi, yaro yana da taubashi a ƙetare kamar yadda yake da shi a bayan gida. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 30 ga Yuli a matsayin ranar abota ta duniya tun 2011. A 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulkin Yamai, shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi tare da rufe iyakoki, kuma a cikin watan cika-ciki ne, watan shara. Aka toshe gada, motoci suka yi layin da ba a ganin ƙarshensa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren gadar a wannan shekara, jama'a suka koma kwale-kwale, da buhunansu da baburansu da jariransu. Gwamnatoci abotar amfani suke yi, irin ta farko a lissafin Aristo, tana ƙulluwa tana kwancewa da sanarwa. Waɗanda ke cikin kwale-kwalen ba su zaɓi dangin da ke ƙetare ba, kuma ba su da takardar da za su sa wa hannu su fasa. Yaran da suka ga wannan da idonsu ba su buƙatar dogon bayani a kan dangantakar da ba a zaɓa.

Saura wata ƴar matsala ta lissafi da duk mai shirya irin wannan biki zai ci karo da ita. Aji ba kullum yake cika biyu-biyu ba. In yara sittin da ɗaya ne, ko wani ya kwana da zazzaɓi bai zo ba, guntu ɗaya zai rasa ɗan'uwansa, a sake samun yaro tsaye a tsakiyar aji yana juya kara a hannu, kowa ya zauna da nasa. Don haka malama takan ƙidaya kawuna kafin ta karya karan, in lissafi bai cika ba ta ɗauki guntu ɗaya ita ma, ba tare da ta duba ba. Yaron da nasa ya hau da nata zai sha aiki, domin yawancin malamai rabonsu da motar kara ya fi shekara talatin, sai ya nuna mata ta inda ake fara bare karan da yadda ake yanka taya daga silifa ba ta karkace ba.